Kakana, Mai Leƙa Ƙarƙashin Mota

Ranar sadakar uku ta Kaka, garinmu ya ga motocin da bai taɓa gani ba tun da aka kafa shi. In na ce sun kai ɗari, kakata Iya za ta ce na fara halin nawa, to bari in ce sun fi awakinmu yawa, kuma awakinmu ba kaɗan ba ne. Direbobi ne daga Tanut, daga Belbeji, daga Gangara, har da wasu tsofaffi biyu daga Damagaram da suka ce tare suka yi hanyar Agadas da shi tun suna da haƙora. Abin da ya sa ni dariya ina cikin kuka shi ne babu ko ɗaya da ya kawo motarsa ƙofar gida. Can bakin rijiya suka jera su, suka tako da ƙafa. Na tambayi makanisen Tanut dalili, wani mai gyaran mota ne mai ƙaton tumbi da ke zuwa gaida Kaka duk salla. Ya goge ido da hularsa, ya ce sabo ne, shekara da shekaru duk wanda ya tsayar da mota a gaban tsohon nan sai ya ji aibinta, har yanzu ƙafarsu ba ta yarda ta taka birki a ƙofar ba.

Wani tsohon Bafillace ya zauna tun hantsi har azahar. Da zai tafi ya shaida wa mutane cewa ya taɓa zuwa da niyyar sayar da shanu ya sayi mota, Kaka ya yi masa tambayoyi, daga ƙarshe ya ce ya je ya sayi amalanke. Ya ce ya yi fushi wata guda, amma ga shi shanunsa na nan, amalanken ma na nan.

Iya, kakata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Kawu kuwa, ƙanen mahaifiyata kuma autan Kaka, wanda in yana hira har jakuna kan daina kuka su saurara, ya zauna a ƙarshen tabarma kwana uku kamar an ɗinke masa baki. Iya ce ta ce in rubuta wani abu, wai tunda bakina ba ya rufuwa gara in juye shi a takarda, kada jikokin da ke tafe su ɗauka tsohon nan zaman inuwa kawai ya yi a duniya.

Kaka ya yi shekara arba'in yana tuƙa manyan motocin mutane. Gero, gishiri, dabino, raguna, babu abin da bai ɗauka ba tsakanin Damagaram da Agadas. Gajere ne ƙwarai, sai ya ɗora matashi biyu yake hango hanya, kuma an ce in gingimarinsa ta taho daga nesa sai ka rantse hula ce kaɗai ke tuƙi. Duk tsawon wannan aiki bai taɓa mallakar mota ba, ko keke. Da idonsa ya fara rauni ya miƙa wa mai ita makulli, ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Gangara da Belbeji, ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, duniya kuma ta biyo shi.

Kunnensa bai tsufa ba. Mota tana bayan tudu zai ce wance ce, ta waye, kuma direban bai canza mata mai ba. Ni yakan ce mini amarya, ni kuma in ce ba na auren direban da ba shi da mota. Ya ce shi ma ya duba ni sarai, injin da ƙarfi amma salansa ta fashe, babu mai saye.

A wurinsa motoci dabbobi ne. Gingimari raƙumi ce. Bashe, mai buɗaɗɗen baya, jaki ce, ba ta da kyan gani, ba ta ƙin kaya, kuma ko a ƙauye akwai wanda ya san ciwonta. Kat-kat, wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, doki ce, tana shiga ko'ina amma cikinta ya fi na mai ita girma, sai ma'aikatan gwamnati da waɗanda wani ke zuba musu gazuwal, wato man dizal. Ƙaramar motar birni mai sheƙi kuwa ragon layya yake ce mata, a ɗaure a inuwa, a wanke, a kalla. Bai ce ɗaya ta fi ɗaya ba. In ka matsa masa ka ce wacce ta fi kyau, sai ya ce kyau a ina, ya juya maka baya.

Wanda duk ya zo neman shawarar sayen mota ba ya jin maganar mota sai ya gaji. Kaka zai tambaye shi hanyar da zai bi, kashi-kashi, inda rairayi yake, inda ruwa ke kwanciya da damina, har mutum ya fara hamma. Sannan ya tambayi me zai ɗauka, mutane ne masu takalmi ko mutane masu awaki. Sau da yawa yakan tura mutum Tanut ya je ya tsaya a garejin makanise ya dubi kayan gyaran da ke rataye a bango. Ya ce motar da kayanta ba sa bangon nan, ranar da ta yi tari sai ka kai ta Kano.

Sai kuma sanda. Hanyarmu rairayi ce, manyan motoci sun haƙa mata sawu biyu, tsakiya kuma ta tashi kamar kunyar gona. Duk bayan damina Kaka zai taka da ƙafarsa har inda kunyar ta fi tudu, ya auna, ya yanko reshen aduwa daidai tsayinta. In aka kawo mota a nuna masa, ba ya kallon fenti, ba ya kallon kujeru. Zai tattare babbar riga, ya kwanta rigingine, ya shige ƙarƙashinta da sandar nan a tsaye. In ta wuce, a ci gaba da magana. In ta maƙale, ya fito ya kaɗe riga ya ce a gaida mutanen birni. Na taɓa ganin wani alhaji ya zo da turare da 'yan rakiya, ya tsaya kusan rabin sa'a yana yi wa tafin ƙafar Kaka bayani, don su kaɗai ake gani.

Duk yankinmu na Damargu an yarda da sandar nan, ban da mutum ɗaya, kuma a gidanmu yake.

Kawu ya yi shekara shida a Libiya yana ɗaukar bulo. Ya dawo a rame, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. A hanyar dawowa motarsu ta lalace a cikin hamada, suka yi kwana biyu ba ruwa, kuma ba dukansu suka iso ba. Shi da bakinsa ya ba Iya labari, sau ɗaya, bai sake ba. Tun daga ranar ko gona ya tafi ya daɗe sai Iya ta fita ƙofar gida ta tsaya. Abin da ya tara a shekarun nan shida yana so ya sayi mota da shi, ya riƙa ɗaukar mutane ranakun kasuwar Belbeji da Gangara. Ya kuma faɗa a fili cewa in abin bai yi ba, hanyar arewa tana nan, ya san ta.

Wata rana da yamma ya zo ya zauna kusa da buzun Kaka, ya fito da waya, ya nuna masa hoton wata baƙar mota da dillali ya turo masa daga Damagaram. Ni ina gefe ina tsinke zogale, kunnena kuma ya kai zira'i. Motar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Gilashi baƙi, kujeru kamar na ofishin prefe mai mulkin gunduma, ga na'urar sanyi. Kaka ya kai wayar dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ina hoton ƙarƙashinta.

Daga nan magana ta fara zafi. Kaka ya ce don hanyar da ya faɗa da mutanen da zai ɗauka, bashe zai saya, ko tsohuwa ce, in dai injinta na da lafiya. Kawu ya ce bai ɗauki bulo shekara shida don ya dawo ya zama direban awaki ba, abokansa da suka dawo tare kowa na da motar da ake juyowa a kalla. Ya ce to in ƙasa ce matsala zai nemi kat-kat. Kaka ya ce ita kuma za ta shanye shi tun bai gama koyon ƙahonta ba. Kawu ya miƙe tsaye.

"Baba, kai da ko taya ɗaya ba ka taɓa mallaka ba, ta ina ka san daɗin abin mutum na kansa?"

Kaka ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci, alhali la'asar ta wuce, magariba kuma da saura.

Bayan mako biyu Kawu ya sayo ta. Daga Damagaram zuwa Tanut a kan kwalta, in ji shi, kamar a kan madara ya taho. Da ya sauka hanyarmu abin ya canza. Lokacin kaka ne, motocin ɗaukar gero sun ƙara zurfafa sawu. Ya yi ta lallaɓawa har ya hango rufin gidajenmu, ya ga mutane sun fito tarye, mata a bakin rijiya sun ajiye guga, sai ya ce bari ya shigo da ɗan gudu yana ƙaho. Muna kallo ta hau kunyar nan, ta yi wani ƙara kamar an ja tukunya a kan dutse, ta zauna daram a kan cikinta. Tayoyi suna ta juyawa suna watsa rairayi, ita kuwa ko taku ɗaya. Ni dai na yi dariya har na zauna a ƙasa. Wani jaki da ke wucewa da jarkoki ya tsaya ya dube ta, ya kewaye, ya ci gaba da tafiyarsa, kuma wallahi da gangan ya yi.

Na ruga gida na ɗauko sandar aduwa, don a ganina ranar da aka yanke ta dominta ce ta zo. A hanya na haɗu da Kaka yana tafe da tsohuwar tabarma a hammata, fartanya a kafaɗa, da sabulun wankin Iya a hannu. Ya dubi sandar, ya dube ni. Sai na tsinci kaina ina cusa ta cikin dangan wata gona.

Da isarsa ya shaƙi iska sau biyu, ya ce a kashe inji, duk mai shan taba kuma ya koma can bayan rijiya. Tankin mai ne ya tsage, isansi, wato fetur, na ɗiga. Tsohon da sai an kama masa hannu yake hawa amalanke ya kwanta a rairayi mai zafi, ya haƙa wa kansa hanya da fartanya, ya shige. Ya murza sabulun nan da ɗan ruwa har ya yi laushi, ya liƙe tsagar. Ya fito ya rage iskar tayoyi, ya sa aka shimfiɗa tabarma da karan gero, aka ɗauro shanun amalanke biyu suka ja. Duk wannan aiki, mutanen gari na tsaye suna jiran kalmar da za su yi shekara suna maimaitawa. Ba su samu ba. Abin da kawai ya ce wa Kawu shi ne ya riƙe sitiyari daidai, kada ya taka mai.

Motar ta kwana uku a ƙarƙashin gawo, an lulluɓe ta da zannuwan Iya, awaki na hawa suna sauka. Kawu ya kwana uku a ɗaki. Da ya fito ya ce zai sayar da ita ko nawa aka taya, ya kuma ji akwai masu tafiya arewa bayan salla. Iya ta ce to. Daga ranar aka riƙa mayar da kwanon tuwonta yadda aka kai shi. Mahaifiyata ta yi magana, liman ya yi magana, Kawu ya ce ba zai zauna a garin da yara ke kwaikwayon ƙarar motarsa ba. Ni ce na koya musu, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Kaka bai roƙe shi ba. Da safe ya aika in karɓo masa makulli. Ya sa aka buɗe gaban motar aka tayar da ita, ya jingina da ita ya rufe ido, ya daɗe har na ɗauka barci ya yi. Sannan ya sa a kira Kawu.

"Injin nan ba shi da ciwo ko ɗaya," ya ce. "Dillalinka bai cuce ka ba. Kai ne ka kawo ta inda ba nata ba."

Ya yi masa bayani a hankali, kamar baƙo ne ya zo neman shawara. Ya ce a kan kwalta wannan mota ta fi bashe nesa ba kusa ba, ba ta shan mai, ba ta jijjiga, kuma tsakanin Tanut da Damagaram akwai malaman makaranta, ma'aikatan likita da 'yan kasuwa da za su so su isa da fararen kaya ba tare da akuya ta taka su ba. Kawu ya ce ai ba a lodi a tashar Tanut sai da yardar sarkin tasha, kuma kowa ya san sarkin tasha ba ya ko amsa sallamar gidanmu.

Gaskiya ne. Sarkin tashar nan Kaka ne ya koya masa tuƙi, amma shekarun baya da ya sayo wata bas yana alfahari, Kaka ya ce a gaban jama'a akurkin kaji ne aka sa wa ƙaho. Sunan ya bi motar, har yanzu da shi ake kiranta, kuma tun lokacin ba su sake gaisawa ba.

Washegari Kaka ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau bashen kasuwa, ya tafi Tanut. Makanise ne ya ba ni labarin abin da ya faru, don yana wurin. Ya ce tsohon ya ratsa tsakiyar tasha, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban mutumin da ya taɓa koya wa riƙe sitiyari, ya ce ya zo ya janye maganarsa, kuma yana neman wa ɗansa layi. Sarkin tasha ya zabura daga kujera har shayinsa ya zube, ya kama shi yana cewa Baba don Allah tashi, kada ka ja mini abin da ba zan iya ɗauka ba. Kafin azahar an gama magana. Da za a rako shi, suka bi ta gefen bas ɗin nan, Kaka ya yi ta ƙoƙarin kallon wani wuri, amma ya kasa. Ya ce cikin ladabi a dai duba tayar baya ta hagu. Aka duba, sai da aka canza ta.

Fitar da motar zuwa kwalta ya ci mana yini guda. Kaka ya nuna wa Kawu yadda zai ɗora ƙafa ɗaya a kan kunyar, ɗaya a gefen hanya, kada ya faɗa cikin sawu. Inda ya yi tsanani ya sauko ya yi gaba da ƙafa yana nuni da hannu, mota na bin sa a hankali kamar tunkiya. Iya ta ce sai an tafi da ita, ni kuma aka sa ni riƙe mata buta, shi ya sa na ga abin da ya biyo baya.

Da muka hau kwalta aka ƙara wa tayoyi iska, Kawu ya buɗe ƙofar baya, ya ce Kaka ya zauna a inda masu mota ke zama. Kaka ya shiga yana taɓa kujera da yatsa kamar za ta cije shi. Shekara arba'in yana tuƙi, bai taɓa zama a bayan direba cikin sanyi ba. Muka yi nisa. Can Kawu, idonsa na kan hanya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa maganar da ya faɗa ranar nan ta hana shi barci, a yafe masa.

"Ai ba ƙarya ka yi ba, ban taɓa mallaka ba," in ji Kaka. "Rage gudu, akwai rami bayan kwanar nan."

Akwai ramin kuwa. Iya ta juyar da fuska wajen taga, ta daɗe a haka. Da muka tsaya shan ruwa ta aike ni in sayo mata tsire, ta cinye tas ba ta ba kowa ba.

Kaka ya yi wata biyar bayan wannan. Zazzaɓin kwana huɗu ne, ya cika da hantsi a ɗakin Iya, Kawu na riƙe da hannunsa. Da na ce zan rubuta wannan, Kawu ya kira ni gefe ya ce in sa har da maganar da ya faɗa wa mahaifinsa, kada in gyara ta, kada in rage. Ga shi na sa.

Masu tafiya arewa sun tafi bayan salla, ba da Kawu ba. Yana lodi a Tanut, kuma fasinjojinsa har waya suke yi masa su kama wuri. Duk ranar Alhamis yakan ajiye motarsa a garejin makanise, ya hau bayan bashen kasuwa ya taho gida, a zaune kan buhun gero, akuya na cin gefen rigarsa. Iya tana jin ƙarar tun daga bayan tudu, ta ce a zuba tuwo, kwano biyu.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa makwanci, ya sa sanyin da ya ɗanɗana rana ɗaya a duniya ya zama kaɗan daga abin da ya tarar. Amin.